Gudu da Takalmi a Hannu

Da likita ya ce in fara gudu saboda hawan jini, kasuwar Kazaure na nufa neman kambas. Tafin ƙafata a shimfiɗe yake kamar faranti, amma mai gwanjo ya rantse wannan takalmin don irina aka yi shi. Na yarda, har ina hango kaina babu tumbi.

Washegari ana sallame sallar asuba na riga kowa fita, na ɗaure igiya, na zuba da gudu. Ban yi nisa ba takalmin ya fara cizona. Ni kuwa namijin duniya, sai na cire shi na riƙe, na ci gaba ƙafa ba takalmi. Na zagayo ta ƙofar masallaci daidai lokacin da jama'a ke fitowa.

"Ɓarawon takalmi!"

Sahu guda ya biyo ni. Abin takaicin, ladanmu, tsoho mai dogara sanda, shi ya cafke ni.

"Malam, kai ne? Da girmanka?"

"Baba, motsa jiki nake yi."

"Da takalmi a hannu?"

Gudu na daina, tumbi yana nan, jini ya ƙara hawa. Har yau in na doso masallaci sai wani ya ce, "Jama'a, kowa ya riƙe silifas ɗinsa, ga ɗan tsere nan."