Dattijo, Firjin Mama, Ya Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni babbar 'yar gidan nan nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar firjin mahaifiyarmu, wanda kowa ya fi sani da Dattijo. Ya cika ranar Talata da yamma a ƙaramin siton da ke bayan kicin, a kusurwar da yake tsaye tun ina 'yar firamare, bayan gajeriyar jinya wadda dukanmu muka gani, babu kuma wanda ya kira masa mai gyara.

Marigayi Baba ne ya kawo shi gidan a bayan motar wani abokinsa, an naɗe shi da bargo kamar mai zazzaɓi. Fari ne tas a lokacin. Shekaru suka mai da shi launin haƙorin tsoho, hannun ƙofarsa ya karye aka ɗaure da waya, amma bai taɓa fashin aiki ba matuƙar akwai wuta. Mai riƙon amana ne. Abin da ka ajiye shi za ka tarar, in dai Auta bai riga ka zuwa ba. Bai taɓa tambayar kayan wane ne ba, na maƙwabciya da na mai shagon bakin titi duk ya karɓa ya riƙe. Da ciwon suga ya kama Mama, shi aka damƙa wa allurarta, a ɗan aljihun ƙofa na sama inda a da ake jera ƙwai.

Ba mai yawan magana ba ne. Yakan ce "ƙit", sannan ya ja "hmmm" mai tsawo, irin na babban mutum da aka kawo wa ƙara yana nazari. In ya gama sai ya girgiza kafaɗa, "gir-gir-gir", kwalabe su amsa masa daga ciki, ya yi shiru. Saboda wannan Baba ya raɗa masa sunan.

Masu zuwa gaisuwa suna ta tambayar abin da ya same shi, ana ce musu tsufa. Ba tsufa ba ne, kuma ya kamata a ji daga bakin wadda ta sani.

Ƙanenmu Auta ya gama karatu ya zauna gida ba aiki, har kujerar falo ta ɗauki siffar bayansa. Ba rago ba ne. Ya kawo shawarar kiwon kifi, na nuna masa inda za ta wargaje. Ya kawo ta wankin mota, na nuna masa. Ya kawo ta sayar da takalma a intanet, ita ma haka. Sana'ata ke nan, a ofishinmu ni ke tantance kamfani kafin a sayi ko da kujera a hannunsa. Duk lokacin ina da gaskiya, gaskiyar kuma ba ta ƙara mini masoyi ko ɗaya ba. Daga baya in na zo gidan sai in ji ya murza makullin ɗakinsa.

Wata Asabar sai na tarar da shi a bakin ƙofa yana jirana, ya yi aski, rigarsa a goge, kwamfuta a hammata. Tun kafin in cire takalmi ya fara bayani. Akwai na'ura, in ji shi, da ake jona wa wuta da intanet, ta yi ta lissafi ba hutawa, a riƙa biyan mai ita da kirifto, kuɗin nan na intanet da ba a riƙe su a hannu. Haƙa ake ce wa aikin. Ya sami wani kamfani a ƙasar waje mai sayar da sababbi da rahusa, zai sayar da babur ɗinsa ya sayi ɗaya.

"Yaya, ke kika san waɗannan abubuwan," ya ce. "Duba min su. In kin ce a'a, shi ke nan, na haƙura."

Na zauna a teburin kicin na duba, Dattijo yana "hmmm" a bayana. Shafin kamfanin yana da kyau, har ya fi na ofishinmu. Amma da na sa adireshinsu a taswira, wurin ajiye motoci ya fito. Waɗanda suka rubuta yabo suna da yawa, sai dai duk bakinsu ɗaya, har kuskuren rubutu iri ɗaya suke yi a kalma ɗaya. Hoton manajan, wani mai murmushi da farar riga, na bi sawunsa na same shi a shafin wani asibitin haƙori yana wannan murmushin. Garanti akwai, amma babu inda aka ce a mayar da kaya in sun lalace. Biya kuma sai da kirifto, hanyar da in kuɗi ya bi ta ba ya waiwaye. Abin da ya fi tsaya mini shi ne wuta. Ƙarfin wutar da suka ce na'urar na ci bai kai abin da ainihin masu ƙera irinta suka rubuta ba, ko kusa.

A ofis, ɗaya daga cikin waɗannan ya isa in rufe magana. Na ɗago kai zan faɗa, sai na ga Auta a tsaye da wayarsa, yana nuna wa Mama bidiyon da kamfanin ya turo masa: na'ura a kan tebur tana aiki, an ajiye takarda mai sunansa a gefenta. Mama ba ta gane komai ba, fuskarsa kawai take kallo. Rabon da in ji dariyarsa na manta.

"Yaya dai?" ya ce.

"Ban ga wani abu ba," na ce.

"Tunda Yayarka ta duba, ai an gama," in ji Mama. "Wannan ko ɗinkin riga ba ya wuce idonta."

Na gaya wa kaina cewa kayan ba za su ma iso ba, zai rasa babur ya koyi darasi, ba kuma daga bakina ba. Wannan tunanin na yi, ban ƙawata shi ba. Sai ga shi na'urar ta iso. Akwati ne na ƙarfe da bai fi ƙaramin buhu ba, mai fanka gaba da baya, fenti yana ƙyalli. Auta ya kira ni a waya yana haki don murna, ya ce, "Kin gani ko? Mutanen kirki ne." Ni ma har na fara yarda cewa zargina ne ya yi yawa.

Soket mafi ƙarfi a gidan yana cikin siton Dattijo, don haka can aka sauki baƙuwa. Tun ranar farko aka san ta zo. Ihu take ba tsayawa, kamar injin niƙa da aka manta a kunne, tana fesa iska mai zafi, kuma saitin bayan Dattijo take fesawa. Fitilun gidan suka dushe. Ƙofar siton aka riƙa rufewa saboda ƙara, zafin ya rasa hanyar fita.

Daga nan jinya ta fara. "Hmmm" ɗinsa ya yi tsawo har ya daina kaiwa ga girgiza kafaɗa. Ruwa ya daina yin ƙanƙara, sannan ya daina sanyi sosai. Mama ce ta fara lura.

"Kwana biyu Dattijo ba ya hutawa," ta ce mini da na zo. "Ko dai baƙuwar nan ta dame shi ne?"

Na shiga siton, gumi ya karyo mini nan take. Na dafa gefen Dattijo, na janye hannu don zafi. Na san abin da ke faruwa. Amma faɗin haka yana nufin in faɗi abin da na gani a teburin kicin, ga Auta a bakin ƙofa yana nuna mini lambobi suna motsi a wayarsa. Sai na ce a ɗan ja shi daga bango ya sha iska. Aka ja shi tazarar tafin hannu. Iyakar maganin da ya samu daga gare ni ke nan.

Kalamansa na ƙarshe Mama ce ta ji, tana yanka albasa. Ya ce "ƙit", ya fara "hm", ya tsaya. Ya sake cewa "ƙit". Sai warin waya mai ƙuna ya biyo baya. Mai gyara ya zo ya duƙa a bayansa, ya taɓa nan ya shinshina can, ya miƙe ya kaɗe gwiwa. Ya ce injin ya ƙone, wuta ba ta isarsa ga kuma zafi, irin wannan injin kuwa an daina yinsa. Ya yi wa Mama gaisuwa kamar yadda ake yi, ya ƙi karɓar ko na mota.

Allurar da ke cikinsa ta daɗe tana shan ɗumi ba mu sani ba, likita ya ce a zubar. Wadda aka sayo yanzu tana zaune a firjin maƙwabciya. Safe da yamma Mama ke sauka matakala da gwiwarta mai ciwo, ta tsallaka, ta yi sallama, ta jira a buɗe. Mun ce za mu riƙa karɓo mata, ta ce ba za ta aika yaro gidan mutane sau biyu a rana ba, roƙo da ƙafar mai shi ya fi mutunci.

Auta da kansa ya zare baƙuwa daga wuta, ya kwance ta a tsakar falo. A cikin fankar akwai ƙura mai kauri kamar auduga. A ƙarƙashin takardar lambarta akwai wata tsohuwar takarda da ta koɗe. Tsohuwa ce da ta gama wahala a wani wuri, aka yi mata wanka da fenti aka turo mana a matsayin sabuwa. Ita ma ba na ganin laifinta. Ya rubuta wa kamfanin, mutanen da a da ke amsawa kafin ya ajiye waya. Har yau ana jira.

Ya daina cin abinci da mu. Da na je na same shi a siton, zaune a kan bokiti kusa da gawar. Na tsaya a bakin ƙofa ban san ta inda zan fara ba, sai shi ya fara.

"Yaya, ki yafe min. Na jawo ki cikin abin nan, har Mama na cewa kin duba. Ba laifinki ba ne. Ƙwararru ne, ke ma sun rufe miki ido."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce masa ba su rufe mini ido ba. Na gaya masa wurin ajiye motoci, da likitan haƙori, da maganar wuta, da ranar da na dafa Dattijo na janye hannu. Ya saurara har na gama, yana murza wata 'yar ƙusa a yatsunsa.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na gaji da zama mai cewa a'a."

"Da kin faɗa da na ji haushi," ya ce. "In rufe ɗaki kwana biyu, in fito. Ai na saba. Amma da babur ɗina yana nan, da Mama ba ta sauka matakala." Ya ajiye ƙusar a kan firjin. "Na ce miki in kin ce a'a na haƙura. Ba ki yarda da gaske nake ba."

Tun ranar yana gaishe ni, gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙo. Da na gaya wa Mama, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ni ma na ji yana nishi, na ci gaba da girkina," ta miƙo mini tire ta ce in tsince shinkafa.

Marigayin ya rasu ya bar Mama, wadda har yanzu takan buɗe ƙofarsa ta tsaya ta manta abin da ta zo ɗauka. Ya bar 'ya'ya huɗu da jikoki da dama da suka yi tsawo suna miƙa hannu zuwa ga hannun ƙofarsa. Ya bar farantan ƙanƙara biyu, ɗaya a tsage, da kyanwar gida da ta rasa wurin kwana, da ƙwan fitilarsa na ciki, wanda bai sami labari ba, yana kamawa duk lokacin da aka buɗe.

Za a fitar da shi ranar Asabar da hantsi. Mai sayen tsoffin ƙarafa zai zo da kurarsa, kuma Mama ta sa sharaɗi cewa a tsaye za a ɗora shi, ba za a kwantar da shi ba, ba kuma za a fasa shi a kan idonta ba. Ana neman maza huɗu masu ƙarfin baya. Ana kuma neman kafinta, domin an gano cewa Baba ya rage faɗin ƙofar siton bayan shigar marigayin, sai an cire katakon gefe kafin ya fita. Auta ya ce shi zai kama gaba, kada kowa ya yi masa tayi. Kawu ya ja kunne cewa ba a yi wa ƙarfe addu'ar rahama, don haka masu niyya su mai da addu'arsu kan gwiwar Mama.

Za a zauna karɓar gaisuwa a falo bayan an fitar da shi. Ana roƙon jama'a kada kowa ya tambayi Auta labarin kirifto, ko da wasa. Mai tambaya ya same ni a ƙofar kicin, ni zan riƙa ba baƙi ruwa. A yi haƙuri da ruwan yadda aka same shi, ba sanyi.