Burodin Sallah na Rabi Adam

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Juma'ar da na kusa kashe wa maigidana karatunsa da hannuna ba, hannun ma duk kwaɓin fulawa. Yanzu dai idan aka tuna, ni ce ke fara dariya kafin kowa.

Lokacin kullen korona ne, cikin azumi, muna zaune a Malesiya, unguwar Danau Kota, hawa na goma sha huɗu. Malam (haka nake kiran maigidana) saura masa 'yan watanni ya gama digirinsa na uku a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak, gwamnati ce ta turo shi. Ni kuwa ba ni da aiki sai girki, danna waya, da leƙen titi ta taga. Mutum ɗaya ake bari ya fita cefane a kowane gida, shi ne mai fita. Kullum sai ka ji labarin an zagaye wani gini da waya mai ƙaya wajen unguwar Masjid India, an kwashe baƙi a mota. Malam ba ya gajiya da ce min, "Mu baƙi ne a ƙasar nan, ki kula da abin da kike dannawa." Ni kuma in ce to, alhali ban ma ji ƙarshen maganar ba. Halina ke nan, ba na jira a gama magana, ba na karanta rubutu har ƙasa.

Wata rana a wani shafin masu gashe-gashe na ga sanarwa da Turanci, da hoton burodi mai kitso, ja-ja-jur, yana sheƙi. An rubuta za a koyar da yin wani abu wai shi Challah, kyauta, ta Zoom, daga Amurka, tare da Rabbi Adam. Kaina bai ɓata lokaci ba, nan take ya fassara min: burodin Sallah, tare da Rabi Adam. Saura kwana goma Sallah, ga kuma sunan Bahaushiya ƙarara. Na ce Turawa ne suka rubuta, dole su ƙara harafi a sunan, dole su ɓata Sallar. Akwai tauraro mai tsini shida a gefe, sai ya tuna min da tsohon kwabo mai huji da kakata ke ajiyewa a gwangwani, na ce lallai matar nan tana kishin gida. (Akwai kuma ƙananan rubutu layi uku a ƙasa. Kun riga kun san abin da na yi da su.)

Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na tura wa rukuninmu na matan 'yan Najeriya, har da saƙon murya: "Mata, ga 'yar'uwarmu Rabi a Amurka za ta koya mana burodin Sallah. Duk wadda ba ta zo ba kada ta roƙe ni ko yanka ɗaya." Maman Iman ta ce za ta zo. Ita ce babbarmu, matar wani malamin jami'a, ita ke mana karatu duk Lahadi, kuma idan ta yi gyaran murya kowa nutsuwa yake.

Wayata ta cika, ta ƙi ɗaukar Zoom. Sai na yi rajista da kwamfutar Malam, wadda ke buɗe da adireshinsa na jami'a. Ban tambaye shi ba. Me zan tambaya, burodi ne fa.

Ranar Juma'a ƙarfe takwas na safe, su can yammacin Alhamis ne, Malam ya ɗauki takunkumi ya tafi layin cefane. Na ɗora kwamfutar a kan kantar kicin, na jera fulawa, ƙwai, yis da mai. Ina shiga wata murya ta ce ana naɗar taron, na danna na yarda. Sai ga akwatuna kusan talatin, yawanci tsofaffin Turawa, kowa a kicin ɗinsa. A tsakiya wani mutum mai gemu ya ɗaura rigar girki, da 'yar hula a ƙeya, ko tashi-ka-fiya-naci ta fi ta girma. Na ce ikon Allah, Rabi ustazun Bature ta aura, ga shi har yana saita mata kyamara. Ya ɗaga hannu ya ce, "Shalom." Ni salam na ji, da lanƙwasar harshen Amurka. Na amsa masa cikakkiyar sallama har da barakatuhu, Allah ya taimake ni makirufona a kashe yake.

Mutumin ya fara: a jiƙa yis, a fasa ƙwai, a zuba fulawa. Na bi shi, ina cewa yana rage mata aiki ne kafin ta fito. Wayata na ta zuzu a gefe, ban duba ba, hannuna ya nutse a kwaɓi. Minti goma, sha biyar, ashirin, babu Rabi babu labarinta. Haƙurina ya ƙare. Na sa gaɓar yatsa na kunna makirufo, na ce da Turancina na sakandare, "Yi haƙuri, yallaɓai, yaushe matarka za ta fito?"

Ya tsaya da murza kwaɓin. "Matata? Tana sama tana kwantar da yara. Kin san ta ne?"

"Ajinta muka zo ai. Rabi Adam."

Duk akwatunan nan suka ɗago kai. Ya yi murmushi ya dafa ƙirjinsa, fulawa ta zauna masa a riga. "Ni ne Rabbi Adam."

Mai hankali da a nan ta yi shiru. Ni ce masa na yi, "A'a, Rabi sunan mata ne."

Wata tsohuwa mai farin gashi a akwatin ƙasa ta yi dariya har tabaronta ya zame. Shi kuwa a natse ya yi min bayani, kamar mai koya wa yaro alifun. Ya ce rabbi ba suna ba ne, malami ne, kusan kamar liman a wajenku. Wannan ajin manya ne na majami'arsu. Tun da aka rufe ginin suka mayar da komai Zoom: Alhamis burodin Asabar, Litinin koyon karatun Ibrananci, Laraba kuma su rarraba sunayen tsofaffin da ke zaune su kaɗai a riƙa kiransu a waya. Ya ce ƙofa a buɗe take ga kowa. Sannan ya matso kusa da allonsa, ya karanta abin da ke rubuce a ƙarƙashin fuskata: cikakken sunan Malam, na yanka da na uba da na kaka, da sunan jami'arsu a gefe. "Daga Malesiya! Jama'a, ba mu taɓa yin baƙuwa daga nesa haka ba."

Suka hau tafi.

Abin da ya faɗo min a rai shi ne fasfon 'yan ƙasar nan, wanda wata maƙwabciya ta taɓa nuna min, an rubuta yana aiki a ko'ina ban da Isra'ila. A lokacin ban san bambancin tsofaffin Amurka masu gasa burodi da gwamnatin wata ƙasa ba, duk abu ɗaya na ɗauke su. Na ga sunan Malam a faifan da ake naɗa, na ga faifan a intanet, na ga wani jami'i yana kallo, na ga mu a filin jirgi da jakunkuna, shekara huɗu ta karatu ta tafi a kan burodi.

Na kai hannu in fita. Kwaɓi ya manne a wurin da ake jan kibiyar, kibiyar ta hau yawo yadda ta ga dama. Na danna nan, na danna can, na ga wani abu ya canza launi, na ɗauka na kashe makirufo. Sai na ɗora hannu biyu a ka, da kwaɓin da komai, na kurma ihu da Hausa: "Na shiga uku! Yahudawa ne! Maman Iman, wallahi Yahudawa ne!"

Ban kashe komai ba. Alamar ɗaga hannu na danna, irin ta neman izinin magana.

"Yahudawa," in ji Rabbi Adam, yana maimaitawa a hankali kamar yana ɗanɗana kalmar. "Wannan kam na gane ta. Mu Yehudim muke cewa. Eh, mu ne. Wane yare ne wannan?"

Kun san kunyar da ke sa kunne ya yi zafi? Mutum talatin suna kallona, da fulawa a ɗankwali, na gama yi musu ihu kamar na ga ɓarayi a tsakar gida, shi kuma yana tambayata yare. Da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba na ce, "Hausa." Tsohuwar nan mai tabarau ta matso ta ce, "'Yata, rufe kwaɓinki da tsumma, zai bushe." Sai a lokacin na tuna kwamfuta tana da murfi. Na kifa shi.

Na wanke hannu na ɗauki waya. Saƙo goma sha ɗaya daga Maman Iman. Ashe tun minti na biyar ta gane ta fice, ita da sauran mata biyun da suka zo. "Ke!" "Ɗauki waya." "Kin san inda kika kai mu?" Ina cikin karantawa ta kira.

"Ke wai ba kya karatu ne? Ga shi nan a ƙasan takardar ɓaro-ɓaro."

"Anti, wallahi na ɗauka Rabi ce."

"Wace Rabin? Rabin gidanku?" Ta ja numfashi. "To ya wuce. Allah dai ya sa ba da sunan mijinki kika shiga ba."

Na ce a'a. Da azumi a bakina na ce a'a.

Kafin Malam ya dawo na bi maɓallan kwamfutar ɗaya bayan ɗaya da tsinken sakace. Kwaɓin kuwa ya tashi ya cika roba, ko a jikinsa. Na rasa yadda zan yi da shi, zubarwa almubazzaranci, gasawa kuma gani nake kamar shaida ce. Da yamma na ƙara masa ruwa da sukari na soya shi fanke. Malam ya ci bakwai da buɗa-baki yana cewa hannuna ya faɗa.

Kwana uku ban faɗa masa ba. Duk sanda wayarsa ta yi ƙara sai in kasa kunne. Idan ya daɗe yana kallon allo sai in ce shi ke nan, takardar kora ce. Na rame, ya ɗauka azumi ne. Ranar Lahadi da hantsi aka buga ƙofa da ƙarfi, sau uku. Ban san sanda na shige ɗaki na zaro fasfunanmu daga ƙarƙashin katifa na tura su cikin zani ba (kada ku tambaye ni dabarar, ni ma ban sani ba). Malam ya buɗe. Maƙwabciyarmu ce 'yar Malay, da takunkumi, ta rataye mana kunun shinkafar azumi a hannun ƙofa ta ja baya tana cewa, "Makan, makan," wato mu ci. Na fito ina godiya, fasfo na sukar cikina.

Ranar Litinin bayan azahar Malam ya kira ni daga falo. Ba da sunan da ya saba ba, da cikakken sunana. Na zo na tsaya a bakin ƙofa. Kwamfutar na kan cinyarsa, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Wane ne Rabbi Adam?"

Na durƙushe a wurin. Na faɗi komai, a hargitse, ina kuka, daga kwabon kakata har fanken da ya ci. Na ce ya yafe min, idan an kore shi ni zan je in yi wa iyayensa bayani da bakina. Ya bar ni na gama, abin da ni ban taɓa yi masa ba. Sannan ya ce, "Zauna ki ji. Har ƙarshe za ki ji, ba inda za ki."

Ya karanta min wasiƙar yana fassarawa. Mutumin ya ce sun ji daɗin baƙuncin matarsa, kuma yana ba da haƙuri idan karanta sunan da ya yi a fili ya firgita ta, bai yi tunani ba. Ya ce sun lura hankalinta ya tashi, don haka kafin su tura wa 'yan ajin faifan sun yanke duk inda ta fito, sun goge sunan daga rajista, babu wanda zai gani. A ƙarshe ya ce tsohuwar mai tabarau tana tambaya ko kwaɓin ya tashi.

Na ce, "To ba za a kore ka ba?"

"A kan burodi? Wa ya gaya miki ana korar mutum a kan burodi?" Ya rufe kwamfutar. "Abin da ya ɓata min rai biyu ne. Kin shiga da adireshina na makaranta ba ki tambaye ni ba, kin kuma yi kwana uku kina kallona kina shiru." Sai na ga kafaɗunsa na rawa don dariya. "Na uku kuma, wurin da kika ce masa Rabi sunan mata ne, shi kaɗai nake son gani, shi suka yanke."

Ya sa ni na rubuta amsar da kaina. Layi huɗu ta ɗauke ni awa guda. Na ba da haƙuri a kan ihun, na yi godiya, na ce kwaɓin ya tashi. Ban ce fanke ya zama ba. Daga nan ya miƙo min waya na kira Maman Iman na janye a'ar da na yi mata, wannan ma wata zufar ce.

Na koyi abu ɗaya, kuma da tsada na koye shi. Idan zan yi ihu a kan mutane, in fara tabbatarwa ba sa jina. Idan kuwa hannuna duk kwaɓi ne ba zan iya tabbatarwa ba, in ja bakina in yi shiru, don ban san ko su ne za su rufa min asiri ba.