Suna Ɗaya Nake Roƙo don Tankinmu

Zuwa ga mai girma Shugaban Sashen Rubuta Littafin Bayani na kamfanin da ya ƙera na'urar da ke kan tankin ruwanmu, tare da dukkan masu ilimin da ke zaune a ƙarƙashinsa cikin sanyin ofis.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kun tashi lafiya, kuma kowannenku yana nan da sunan da ya kwana da shi jiya.

Ranka ya daɗe, ni tela ce. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, don haka idan na yi kuskure a yafe mini. Mijina, Allah ya ji ƙansa, mai aikin wutar lantarki ne, amma da girmansa ya koya wa kansa rubuta manhaja. Shi ya sayi na'urarku ya ɗaura a kan tankin da ke saman gidan da muke haya. Idan ruwa ya cika, na'urar takan aiko da sanarwa, manhajarsa ta karɓa, ta kashe injin da ke jan ruwa, sannan ta turo mini saƙo a waya da kalmominsa: "Sarauniyar keke, tanki ya cika, na kashe inji. Ɗaga ƙafa ki sha ruwa."

Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa. Saƙon bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya, har ranar da kuka yi wa na'urar abin da kuka kira ingantawa. Tun daga ranar wayata ta yi shiru. Ina miƙa godiya bisa wannan ci gaba, kuma ga 'yan ƙorafe-ƙorafena.

Na ɗaya. Babbar 'yata ma'aikaciyar jinya ce, ita ke jin Turanci sosai. Ta buɗe manhajar babanta, ta ga ya bar bayani da Hausa a gefen kowane layi, kamar ya san mu za mu zo. A wani layi ya rubuta cewa sanarwa tana zuwa ne kamar ɗan aike da ƙunshi a hannu, kuma manhaja ba ta karɓar ƙunshin sai ta kira shi da ainihin sunansa. Muka gane kun canza wa ƙunshin suna. Ba laifi, naku ne. Sai muka buɗe littafinku don mu ga sabon sunan. A shafi na huɗu, in ji fassarar 'yata, kun kira shi "mataki". A shafi na tara ya zama "zurfi". A teburin da ke ƙarshe kuma "adadi". Ranka ya daɗe, 'yan uku ne, ko kuwa mutum ɗaya ne da hukuma ke nema?

Na biyu. A misalin da kuka bayar don a kwaikwaya, ba ku sa ko ɗaya daga cikin ukun ba. Harafi ɗaya tak kuka ajiye a wurin, shi kaɗai, kamar wanda aka manta a tasha. Idan tawada ce ta ƙare muku, ina da biro biyu a cikin akwatin zare, zan aiko da ɗaya.

Na uku, tambaya ce kawai ta mai son ƙaruwa. Masu rubuta littafin nan suna gaisawa kuwa? Na tambaya ne don na ga kamar mai shafi na huɗu da mai shafi na tara sun yi shekaru ba sa magana. Idan rigima ce, a sasanta su. Ni idan na auna mace na rubuta "kafaɗa" a littafina, to kafaɗa ce ranar Litinin, kafaɗa ce ranar Alhamis. Da zan kira ta "faɗi" a wani shafi, "tsawo" a wani, da yarinyar da ke yanka mini yadi ta fitar da rigar da sai akuya za ta iya sawa. Kuma ni ba ni da digiri.

Na huɗu. Tunda inji ya daina kashe kansa, tanki ya riƙa ambaliya. A ƙasanmu akwai mai wanki da guga, mutumin kirki mai gajeren haƙuri. Sau uku ruwa yana sauka a kan kayan da ya goge ya jera a baranda. A na ukun ya hau bene da rigar wani ango a hannu tana ɗiga, ya ce mini, "Hajiya, ni wanki ɗaya aka ce in yi, ke kuma kullum sai kin ƙara mini na biyu kyauta!" Na ba shi haƙuri, na kuma ba shi littafinku ya duba ko zai gane. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce takardar dai tana da kyau, za ta yi naɗin kaya.

Daga nan magana ta kai ga mai gidan hayar. Ya zo da mai gyaran famfo, ya ce zuwa ƙarshen wata zai cire na'urar ya sa ƙwallon roba irin mai toshe bututu idan ruwa ya cika. Ya ce, "Ƙwallo ba ya buƙatar littafi." Gaskiya ya faɗa, ban iya musa masa ba. Amma ƙwallo ba ya ce mini in ɗaga ƙafa in sha ruwa. Wannan ban faɗa masa ba, kunya ta hana ni. Ku nake faɗa wa don ba ku san fuskata ba.

Na biyar. Mun gwada sunayenku ɗaya bayan ɗaya. Kowane gwaji sai na hau saman gida da gwiwar nan tawa, na jira tanki ya cika, 'yata tana ƙasa da kwamfuta tana kiran, "Umma, ya zo?" ni kuma ina amsawa da ruwa a zanina. Da muka gaji na ce mata, ke, baƙo idan ba a san sunansa ba ai tambayarsa ake yi. Ta sa manhajar ta rubuta duk abin da ɗan aiken ya kawo. Sai ga sunan ya fito: "ƙima". Mun bi littafinku daga bango zuwa bango, shafi sittin da biyu, babu wannan kalma. Ina taya ku murna. Ɓoye abu irin wannan sai gwanaye. 'Yata ta sa sunan a manhajar, muka zauna jira.

Ranar Talata da hantsi ina kan keke waya ta yi ƙara. Inji ya tsaya. Na ɗaga ƙafa, na sha ruwa. Mai gidan haya ya ce a bar na'urar tukuna, ya mayar da ƙwallonsa cikin mota.

Da a nan abin ya tsaya, da ban ɓata muku lokaci ba. Saura na shida, kuma shi ne dalilin wasiƙar.

A can ƙasan manhajar 'yata ta ga wani saƙo da bai taɓa zuwa ba. Babanta ya rubuta shi ne don ranar da batirin na'urar zai kusa ƙarewa. Ku kuka ce batirin shekara biyar yake yi, a rufe yake ba a taɓa shi, kuma sau ɗaya na'urar ke aiko da wannan sanarwa kafin ta mutu. Yanzu shekararsa huɗu da wata bakwai. 'Yata ta karanta saƙon, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta share ido ta ce, "Umma, wallahi Baba ba shi da dama. In karanta miki?" Na ce a'a. Ba don a karanta mini daga allon kwamfuta ya rubuta shi ba. A wayata ya so in gan shi, ranar da ya zaɓa, ina tsakiyar aiki ban shirya ba.

To wannan sanarwar, a shafi na goma sha ɗaya kun ba ƙunshinta suna ɗaya, a shafi na ashirin da uku kun ba shi wani. 'Yata ta sa duka biyun. Amma na riga na san halinku, mai yiwuwa na gaskiyar yana aljihun wani a ofishinku. Wannan karon babu gwaji, babu hawa bene a sake. Idan sunan bai dace ba, ɗan aiken zai zo ƙofa, ba wanda zai amsa masa, ya juya ke nan.

Don haka ina roƙon alfarma, ranka ya daɗe. Ka tara su duka a ɗaki ɗaya, mai shafi na goma sha ɗaya da mai shafi na ashirin da uku da wanda ya ƙera abin da hannunsa. Ka rufe ƙofa. Kada kowa ya fita cin abinci sai sun yarda da suna ɗaya. Ku rubuta mini shi da manyan baƙaƙe, ku kuma yi haƙuri ku daina ingantawa na wata biyar kacal. Bayan nan ku kira shi duk abin da kuka ga dama.

Taku mai biyayya da ladabi har ƙasa, wadda ba ta taɓa canza suna ba tare da sanarwa ba,

Tela ta hawa na biyu,
matar marigayi mai aikin wuta.