Rasuwar Sikelin 'Yar Ɗigo

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika amma ya rage wa zargi wurin zama, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar sikelinmu na awon nauyi. Ya rasu ranar Lahadi da rana, cikin wani yanayi da har yanzu ba a yi mini bayaninsa yadda hankali zai ɗauka ba. Na bar shi lafiya lau a ƙarƙashin gado, a naɗe cikin tawul ɗinsa, na tafi gidan yayata da yarinya. Da na dawo na same shi a wurinsa, amma fuskarsa na kallon bango, tawul ɗin kuma an naɗe shi irin naɗin maza.

Marigayin ya shigo gidan nan wata uku da suka wuce, a hannun yayata, ranar da aka sallamo mu daga asibiti. 'Yata bakwaini ce. Ta zo duniya da kilo ɗaya da giram ɗari takwas, abin da ya sa babanta ya laƙaba mata 'Yar Ɗigo. Malamar asibiti ta ce a auna ta duk Juma'a da safe kafin ta sha nono, a rubuta a kati, kuma idan aka yi mako biyu a jere ba ta ƙara ba, kada in jira shawarar kowa, in kawo ta. Asibitin kuwa sai an hau mota biyu. Don haka marigayin ya ɗauke mana wannan wahala. In hau ni kaɗai, in sauka, in ɗauki yarinya in sake hawa, sannan in debe na farko daga na biyu. Abin da ya rage shi ke nuna ko zan yi barci a wannan makon.

Duk wanda ya zauna da shi zai yi masa kyakkyawar shaida. Ba ya ƙarya, ba ya kara. Surukata ta taɓa hawansa sau uku a jere tana cewa ya lalace, bai canja magana ba. Ba shi da yawan surutu: idan ka taka shi ya ce "tit", idan ya gama tunani ya ce "tit-tit", shi ke nan. Kuma bai taɓa ɓoye iyakar ƙarfinsa ba. A bayansa aka rubuta da manyan lambobi: kilo ɗari da hamsin.

Juma'ar da ta wuce, wadda ban san ita ce ta ƙarshe ba, ya ba ni lambar da ya ba ni a makon da ya gabace ta. Yarinya ba ta ƙara komai ba. Mako ɗaya ke nan. Ina son mai karatu ya riƙe wannan.

Game da jinyarsa, an ba ni labari iri uku, duk daga bakin mutum ɗaya, wato maigidana. Da farko ya ce batir ne. Na sa sababbi, marigayin bai motsa ba. Sai ya ce danshin banɗaki ne. Na tuna masa cewa sikelin nan bai taɓa ganin ƙofar banɗaki ba. Ya sosa ƙeya, sannan ya ce, "Maman Ɗigo, ko dai ke ce kika ɗan ƙara jiki?" Wannan maganar na ajiye ta, za mu dawo kanta bayan an share makoki.

Da na ga haka sai na duba gawar da kaina, a bakin taga inda akwai haske. Akwai loɓawa a tsakiyar fuskarsa, miƙaƙƙiya, faɗinta kamar na katako. Akwai garin katako a cikin tsagar gefensa. Ƙafarsa ɗaya ta sha baƙin mai. A ɗakin kwanana babu katako, babu baƙin mai. Amma akwai su a garejin bayan gida, inda maigidana da amininsa, wanda ake kira Injiniya duk da ba a taɓa ganin takardarsa ba, suke shafe kwana biyu na ƙarshen mako a kan wata tsohuwar mota mai kujera ɗaya da suka shirya wa tsere.

Mutane na ɗauka ba na saurara idan yana ba ni labarin motar nan a kan abinci. Ina saurara. Ya ce mota kamar tebur ce mai ƙafa huɗu, idan ƙafa ɗaya ta gaza sai ya riƙa rawa. Kowace taya tana da kasonta na nauyi, kuma dole tayar gaba ta dama da ta baya ta hagu, idan an haɗa su, su yi daidai da sauran biyun. In ba haka ba motar za ta sha kwanar dama da daɗi, ta yi gardama a ta hagu. Ana gyara wannan da murɗa wani zobe a ƙarƙashin sifirin na shokazoba, a ɗaga nan kaɗan, a sauke can kaɗan. Amma kafin a murɗa sai an auna kowace taya, direba na zaune a kujerarsa. Masu hali suna da sikeli huɗu na musamman. Marasa hali, in ji shi da bakinsa, suna amfani da na gida: a ɗora gefe ɗaya na katako a kan bulo, ɗayan a kan sikeli, a sauke taya a kan katakon kusa da bulon, sai sikelin ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku kawai, a ninka lambar sau uku. Ranar da ya faɗi haka na ga idonsa ya leƙa ƙarƙashin gado. Na ce masa, "Ko a mafarki." Ya ce, "Haba, ni da 'yata?"

Ranar Litinin ina wanki na samu takarda a aljihun wandonsa. An zana akwati, an ja layi biyu sun gitta juna daga kusurwa zuwa kusurwa. Kusurwa uku suna da lambobi, da rubutun Injiniya mai kama da tafiyar kaza. Ta huɗun, tayar gaba ta gefen direba, inda nauyin inji da na maigidana suka haɗu, babu lamba. Sai ɗigon biro guda ɗaya, kamar an fara rubutu an fasa.

Ni ba bakanikiya ba ce, amma ina da rula da gwangwanin madara. Na gwada a kan teburin kicin: gefe ɗaya na rula a kan sabulu, ɗayan a tafin hannuna. Idan gwangwanin yana kusa da sabulun, da kyar nake jin sa. Idan na matso da shi gefena, nauyin ya ninka. Ga abin da nake zato, kuma zan janye idan an kawo mini wanda ya fi shi: an auna taya uku lafiya, a ta huɗun aka juya katakon. Maimakon kilo ɗari, aka sauke wa bawan Allah ɗari biyu. Wanda ke zaune a kujera zai ce bai ga komai ba, wanda ke riƙe da jak ɗin ɗaga mota zai ce an hanzarta shi. Ban san ko marigayin ya samu damar cewa "tit" ba.

Abin da ya ƙarasa tabbatar mini shi ne zuwan Injiniya da yammacin wannan Litinin ɗin. Ya tsaya a bakin ƙofa ya haɗa hannu ya ce, "Uwargida, ashe sikeli ya mutu? Sannu da haƙuri." A lokacin ko yayata ban faɗa wa ba. Na ce, "Wa ya gaya maka?" Ya kalli maigidana. Maigidana ya kalli silin.

Ba na son a fahimce ni baibai. Mutumin nan yana son 'yarsa. Idan na ɗauki yarinya na hau sikeli ba na iya ganin lamba, shi ne yake durƙusawa a gabana ya karanto, wani lokaci ya karanta sau biyu don daɗin bakinsa. Shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Ya san aikin da marigayin yake yi a gidan nan, ya san lambar makon jiya, ya ɗauka dai zai ara na awa ɗaya ya mayar ba wanda ya sani.

Marigayin ya rasu ya bar kati mai layi goma sha biyu a cike da na goma sha uku babu komai, da batura biyu sababbi da ba su san shi da rai ba, da tawul, da yarinya mai wata uku da ba a san nauyinta ba yau. Ya kuma bar mota mai taya uku da aka sani da ɗaya da ba a sani ba. Ita ba ta da alhaki, inda aka sauke ta nan ta zauna.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Gawar za ta ci gaba da zama a kan teburin falo, inda maigidana yake ajiye kofin shayinsa, har zuwa Juma'a. Ana karɓar gaisuwa daga ƙarfe goma zuwa lokacin barcin yarinya, a yi magana ƙasa-ƙasa. Injiniya ya riga ya yi tasa, ba sai ya maimaita ba.

Ranar Juma'a ƙarfe bakwai na safe za a tashi zuwa asibiti. Na san ranar ce ake duba motoci kafin tseren Asabar. Maigidana ne zai riƙe yarinya a mota ta farko da ta biyu, shi zai bi layin iyaye mata, shi zai cire mata riga ya ɗora ta a sikelin malamar asibiti. Haka za a yi kowace Juma'a har magajin marigayin ya iso. Ba za a binne kowa ba sai an cike layi na goma sha uku.

Sitiyarin motar, wanda shi da kansa ya nuna mini yadda ake zare shi da hannu ɗaya, yana wuri mai aminci, ba a gidan nan ba. Idan lambar ta hau, zan faɗa masa inda yake tun kafin mu fita daga ƙofar asibiti. Idan ba ta hau ba, na san mijina, ba zai tambaya ba.

Sanarwa daga Maman 'Yar Ɗigo, a madadin iyalan marigayin.