Nea Grigore Mai Ɗanɗana Ƙanƙara

"Ni fa da harshe nake gane dusar ƙanƙarar da za ta zaftare," in ji Nea Grigore, wato Kawu Grigore a yarensu. "Ku yi ta fama da shebur, ni lasa ɗaya ta ishe ni!"

Kai da jin wannan ka san akwai dalili. Ran nan 'yan ƙungiyar sulun ƙanƙara za su zaɓi jagora a bukkarsu ta dutsen Făgăraș, shi kuwa Nea Grigore, sarkin kuri, ya riga ya faɗa wa surukansa shi ne.

Aka hau gangaren da ke bayan bukkar. Ilinca, abokiyar takararsa, ta haƙa rami, ta yanka tubalin ƙanƙara, ta bubbuga shi da shebur. Nan take saman ya sulale.

"Nea Grigore, ƙasan kamar sukari yake. Mu koma."

"Yarinya, ba ni shebur ɗin nan!"

Ya fizge shebur ɗin ƙarfe ya lasa. Don tsananin sanyin ƙarfen, harshe ya manne ram!

"To, malam, me ƙanƙarar ta ce?" aka tambaye shi.

"Aaa... ee... aaa!"

Sai da aka juye masa shayi a baki ya rabu da shebur. Kunya ta kama shi, amma gogan naka ba ya ja da baya. Ya taka tsakiyar gangaren yana tsalle.

"Kun gani? Daram take kamar siminti!"

Ƙanƙarar ta ce "wum". Falle guda mai faɗin tabarma ya ɓalle, ya ɗauki mutumin yana zaune, ya yi ƙasa da shi a hankali yana ihun a kira uwarsa. Bai tsaya ba sai ƙofar bukka, inda ya binne shi har wuya. Kai kawai ake gani, gashin baki duk fari.

Tanti Veta, mai kula da bukkar, ta fito da ludayi, ta leƙa shi.

"Grigore, kana numfashi?"

"Ku tono ni!"

"Bakin da lafiyarsa ke nan. Tunda kowa ya sauko, a yi zaɓen kafin miya ta huce. Masu son Ilinca?"

Hannuwa suka tashi.

"Masu son Grigore?"

Ya yi nishi, ya yi yunƙuri, jijiyar wuya ta miƙe. Hannu ya ƙi fitowa.

Tanti Veta ta girgiza kai. "Allah sarki. Ko shi bai zaɓi kansa ba."