Ɗari Biyu Na Me?

Ba zan taɓa mantawa da ranar Talatar da na zauna a kujerar maigidana ba. Baban Hafsa gyaran kwamfuta yake yi a ɗakin da ke ƙofar gidanmu a Kpakungu. Ni ba na fita ko'ina, kuma a aji huɗu na tsaya, amma Allah ya ba ni kunne. In yana aiki a baƙin allon nan da ake rubuta wa na'ura umarni, yakan faɗi lambobi da baki, ni kuma ina tsinke alayyahu ina haddacewa.

Maƙwabciyarmu Maman Joy ta kawo hadis ɗinta, wato faifan ajiya. A ciki akwai bidiyon mijinta marigayi yana waƙa a coci, babu kwafinsa a ko'ina. So take a raba faifan biyu, 'yarta ta samu wurin zuba karatunta. Na ji Baban Hafsa ya ce, "Ɗari biyu zan bar miki, ya ishe ki." Kafin ya fara aka kira shi gaisuwar rasuwa a Kagara.

Da ta dawo ba ta same shi ba, na gyara ɗaurin zani na ce, "Zauna, Maman Joy, wannan ai aikin minti biyu ne." (Har yau ban san wanda ya aike ni ba.)

Na danna kibiyar sama, umarnin da ya yi wa wani jiya ya fito. Na goge lambar ƙarshe na sa 200. Allon ya yi tambaya da Turanci, na danna harafin y yadda maigidan yake yi.

"Kai, Maman Hafsa, ashe injiniya ce ke!"

Har dariya na yi. Sai muka zo buɗe bidiyon, faifan ya ƙi buɗuwa.

Da la'asar Baban Hafsa ya dawo, ya duba allon.

"Ina G ɗin?"

Ashe bayan lamba akwai harafin da ke faɗin ma'auni. Yatsansa ke danna shi, bakinsa bai taɓa faɗa ba. Na goge shi tare da tsohuwar lambar. Na'urar ta ɗauki ƙaramin ma'auni, ta datse sauran.

Kwana uku yana fama. Hotuna kaɗan suka dawo, bidiyon bai dawo ba.

Maman Joy ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Ba komai, na riƙe waƙar a kai," ta nannaɗe faifan a bakin zani ta fita. Da ta zage ni da na fi samun barci.

Ko mai awo a kasuwa, in ka ce masa "ba ni biyu," sai ya ce, "Mudu ko buhu?" Na'ura ba ta tambayi wannan ba, ni ma ban tambaya ba. Yanzu ko gishiri aka ce in zuba, sai na ce nawa, kuma da wane cokali.