Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Ta Mutu Tana Neman Allon da Babu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da gajiyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni mai zanen taswirar gidaje da ke da ofis a hawa na biyu, a madadin iyalina da teburina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda yara suka raɗa wa suna Gwaggo. Ta rasu ranar Talata da hantsi tana da shekara goma sha ɗaya, bayan jinyar kwana goma sha tara.

Marigayiya ba ta da sauri, wannan kowa ya shaida. Sai ka kunna ta, ka je ka haɗa shayi ka dawo, sannan ka same ta tana miƙa. Amma in ta tashi, ta tashi ke nan. Gidaje sama da ɗari biyu aka zana a kanta, da makaranta ɗaya, da wani asibitin dabbobi da har yau ba a aza tubalinsa ba. Ba ta taɓa cinye mini aiki ba. Maganarta duka biyu ce: "tik-tik" in tana adana zane, da "fuuu" a hankali in aiki ya yi nauyi. Aibinta ɗaya, ramin da ake soka wayar allo na biyu ya tsage tun wata faɗuwa da ta yi daga kujerar mota, kuma ba ta taɓa yin ƙorafi a kai ba.

Game da ciwon ajalinta, gara in faɗa da bakina: ni na jawo. Wata safiyar Alhamis saƙo ya fito cewa akwai sabon kanel, wato ginshiƙin manhajar da ke riƙe da komai na cikin na'ura. Na danna. Dannawar ba laifi ba ce. Ƙa'ida dai ita ce a bar tsohon a ajiye, in sabon ya yi gardama a koma masa. To ni ina da cutar shara. Matata takan ce rigata na iya kwana uku a kan kujera ban gan ta ba, amma fayil ɗaya marar amfani a kwamfuta hana ni sukuni yake yi. Tun ban ga kamun ludayin sabon ba na share tsofaffin guda biyu, har ina murna da filin da na samu.

Kafin rana ta yi tsaka, "fuuu" ta koma "wuuu", ba ta kuma sake sauka ba. Na buɗe jerin ayyukan da take yi. Ban buɗe zane ko ɗaya ba, amma ga wani ɗan ma'aikacin kanel, mai suna cike da lambobi, zaune a saman jeri yana cin kashi casa'in na ƙarfin firosesa, wato ƙwaƙwalwarta. Na ce a kashe shi, aka ce irinsa ba a iya kashe shi. Kwana huɗu ina bin rubutun da na'ura ke ajiyewa game da kanta, da tabarau a karan hanci, kafin in gano masomin. Direban hoto, manhajar da ke shiga tsakanin kanel da allo, shi ke ta aiko da labari: an soka allo, an zare allo, an soka allo, sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya. Tsagaggen ramin nan ne ke ruɗa shi. Tsohon kanel ya san halinsa, ba ya kula shi. Sabon kuwa mai ƙwazo ne, kamar sabon mai gadi da ke tashi ya buɗe ƙofa duk lokacin da iska ta taɓa ta.

An yi magani iya gwargwado. Na nemi tsohon kanel a inda ake saukewa, an riga an janye shi. Na samo wani a wani wuri, ta tashi da shi babu intanet, allon kuma ya miƙe har da'ira ta zama ƙwai. Na sauya direba sau uku. Na toshe ramin da roba, wanda na san ba zai yi komai ba, amma na yi. Na rubuta ciwon dalla-dalla a wani zauren masana na intanet, mutum biyu suka amsa, dukansu cewa suka yi su ma haka tasu take. Mai gyara na ƙasan bene ya buɗe ta, ya hure ƙura, ya sa sabon man sanyaya, ya daɗe yana kallonta.

"Malam, ka bar ta ta huta har a samo maganin," in ji shi. "Zafin nan ba na shekarunta ba ne."

Ban bar ta ba. Akwai zanen gida mai hawa uku da na yi alkawarin miƙawa. Na ɗora ta a kan littattafai biyu, na juyo mata fankar ɗaki, na ci gaba da jan layi, tafin hannuna yana zufa a jikinta. Ta kai ni har matakalar ƙarshe. Ta ce "tik-tik", allon ya cika da layuka kore da ja, sai ɗakin ya yi shirun da na kwana goma sha tara ina roƙo. Wallahi ban ji daɗinsa ba.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaure da tef, da linzami, wato maus, mai ciwon danna biyu, da jakar da zif ɗinta ya riga ta tafiya, da firinta wadda dama ba sa ga maciji. Ta bar ni, da yatsun da ba su san wani kibod ba.

Za a yi sallama da ita ranar Asabar da ƙarfe goma a shagon mai gyara. Za a cire ma'ajiyar bayananta a ba ni, batir kuma a kai inda ake karɓar irinsa. Ana karɓar gaisuwa a ofis. Ina roƙon masu zuwa kada su tambaye ni me ya sa na share tsofaffin, matata ta riga ta tambaya a madadin kowa.

Kafin a rufe ta akwai abu ɗaya da zan yi. Jiya, kwana biyu da rasuwarta, wani bawan Allah ya amsa tambayata a zauren nan. Ya ce abin mai sauƙi ne, layi ɗaya ake ƙarawa a umarnin da na'ura ke bi in za ta tashi, a gaya wa direban ya daina leƙa wannan ramin. Ya ce in gwada in ba shi labari. Na kwafe layin da fensir a guntuwar takardar zane. Zan ajiye ta a kan kibod, sannan in sauke murfin da hannuna.